Wutar Ruɗi: Yadda Jirgin Yaƙi Ya Koyi Yi wa Makami Ƙarya

Duk wanda ya bi labaran ficewar sojojin ƙasashen waje daga Kabul a watan Agusta na shekara ta 2021, ko kuwa hotunan yaƙin Yukiren da ya ɓarke a shekara ta 2022, ya ga wani abu mai ɗaukar ido: jirgin soja na tashi, sai ga dunƙulen wuta fari fat suna fita daga haƙarƙarinsa dama da hagu, kowane na jan wutsiyar hayaƙi, su yi baka a sararin sama su mutu tun ba su kai ƙasa ba. Da yawa daga masu kallo suna ɗaukar harbi ne ake yi, wasu kuma su ce ai jirgin ne ya kama da wuta. Masu jin Faransanci suna kiran waɗannan dunƙule leurres, wato abin da ake yaudara da shi; a Hausa ana iya ce musu wutar ruɗi. Aikinta shi ne ta ja hankalin makami mai linzami da ke bin zafin injin jirgi, ya bar jirgin ya bi ta. Maharbin da ke ɗaura burtu a goshi yana rarrafe don namun daji su ɗauke shi tsuntsu zai gane dabarar nan take, sai dai a nan abin farautar ne ke ɗaure da burtun, maharbin kuwa na'ura ce wadda ba ta san komi ba a duniya sai zafi.

Zafin da ido ba ya gani

Tushen labarin yana can a shekara ta 1800, sa'ad da William Herschel, masanin taurari ɗan asalin Jamus da ke zaune a Ingila, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya watsu zuwa launukan bakan gizo. Ya riƙa aza ma'aunin zafi bisa kowane launi, har ya gota ja ya aza shi a wurin da ido ba ya ganin komi, sai ma'aunin ya hau fiye da ko'ina. Ta haka aka san akwai wani haske a bayan ja, wanda fata ke ji amma ido ba ya kamawa. Shi ne infraruj.

Maƙeri ya san wannan haske da hannunsa tun kafin a ba shi suna. Ƙarfen da ya ɗan jima cikin gawayi yana nan baƙi, amma in aka kusanto da tafin hannu sai a ji yana huci. In aka ci gaba da zuga, sai ya yi ja, daga nan ya koma ruwan lemo, a ƙarshe ya yi fari. Ma'anar wannan ita ce, kowane abu mai ɗumi yana fidda haske, kuma gwargwadon zafinsa gwargwadon gajartar zangon hasken da ƙarfinsa. Wannan ƙa'ida ta maƙera ita ce ginshiƙin duk abin da zai biyo baya, domin bututun hayaƙin jirgin yaƙi ƙarfe ne da ke huci a ɗaruruwan digiri, a tsakiyar sararin sama mai sanyi.

Abin da ya rage shi ne a sami idon da zai ga hucin. A shekara ta 1933 wani masani a Berlin, Edgar Kutzscher, ya gano cewa dutsen galena, wanda haɗin dalma ne da farar wuta, yana sauya yadda yake ratsa lantarki in infraruj ya sauka a kansa. Wannan dutse ba baƙo ba ne a kasuwannin Maraɗi ko Damagaram, don galibin kwallin gargajiya da ake niƙawa a sa a ido shi ne. Jamusawa sun yi ƙoƙarin ɗora irin wannan ido bisa makamansu a yaƙin duniya na biyu, yaƙin ya ƙare ba su kai ga amfani da shi a fagen fama ba. A cikin yaƙin ne kuma aka haifi yayar wutar ruɗi: a watan Yuli na 1943 jiragen Ingila da suka kai hari birnin Hamburg sun watsa ƴan siraran takardun alminiyom a iska, na'urorin rada na Jamus suka cika da jiragen ƙarya. Tun daga ranar aka san cewa na'urar da ke gani ana iya yi mata rufa-ido.

Maciji a hamadar Kalifoniya

Wanda ya haɗa idon da roka har abin ya yi aiki shi ne William McLean, masanin kimiyyar lissafi da lantarki a tashar gwajin makamai ta sojan ruwan Amurka da ke China Lake, cikin hamadar Kalifoniya. Ya soma aikin a 1946, kusan a ɓoye, ba tare da wani kasafi na kirki ba. A watan Satumba na 1953 makaminsa ya sami jirgin gwaji marar matuƙi, a 1956 ya shiga hannun sojoji. An raɗa masa suna Sidewinder, sunan wani macijin hamadar wanda ke da ƴan ramuka tsakanin ido da hanci da yake jin ɗumin ɓera da su cikin duhu. Mesa ta dazukanmu ma tana da irin waɗannan ramuka a leɓɓanta.

Ranar 24 ga Satumba na 1958, a saman mashigin ruwan da ke tsakanin Taiwan da Sin, jiragen F-86 na Taiwan suka harba Sidewinder a kan jiragen MiG-17 na Sin. Shi ne karo na farko da makami mai bin zafi ya kakkaɓo jirgi a yaƙi. Cikin kwanakin nan ne wani daga makaman ya soki jikin wani MiG ya maƙale bai fashe ba, matuƙin ya sauka da shi lafiya. Makamin ya ƙarasa hannun injiniyoyin Tarayyar Sobiyet, suka warware shi gaɓa-gaɓa suka kwaikwaya, suka fito da nasu mai suna K-13 a farkon shekarun 1960. Cikin ƴan shekaru asirin ya zama na kowa, kuma kowane ɓangare ya wayi gari yana neman maganin makamin da shi ma yake da shi.

Maganin yana cikin raunin makamin. Idon farko bai san siffar jirgi ba. A gabansa akwai wani faifai mai zane da ke juyawa, yana yanka hasken da ke shigowa, daga yadda hasken ke ƙyaftawa na'urar ke gane ko abin da take bi yana sama ko ƙasa, dama ko hagu. In abubuwa biyu masu zafi suka shiga gabanta, sai ta karkata ga wanda ya fi haske, kamar shinge da ke barin aci-bal-bal ya taru a fitilar lantarki. Matuƙan farko sun lura cewa makamin yakan bar jirgi ya nufi rana, ko gefen gajimaren da rana ta haska. Ke nan in jirgi zai iya jefar da wata ƴar ƙaramar rana a bayansa, ya tsira.

Ƙera wannan ƴar rana ba ƙaramin aiki ba ne. Dole ta kama nan take, cikin abin da bai kai rabin sakan ba, tun tana kusa da jirgin, domin in ta yi jinkiri ta riga ta fita daga ganin makamin. Dole haskenta ya ninka na injin, kuma ta ci gaba da ci cikin iska mai gudun ɗaruruwan kilomita a awa. Haɗin da aka dace da shi a ƙarshen shekarun 1950, wanda har yanzu shi ne uwar wannan sana'a, abu uku ne: garin maganiziyom, da Teflon, da wata roba mai suna Viton da ke ɗaure su. Teflon ɗin nan shi ne wanda ake shafe cikin kaskon suya da shi don kada abinci ya kama; Roy Plunkett ya gano shi bisa tsautsayi a ɗakin binciken kamfanin DuPont a 1938. Idan haɗin ya kama, maganiziyom yana fizge sinadarin fulorin da ke cikin Teflon, zafin ya kai wajen digiri 2000, abin da ya saura kuwa baƙin gawayi ne lallausa kamar kunkunniya. Wannan kunkunniya mai zafi ita ce ke fidda infraruj mai ƙarfi. Ana matse haɗin cikin kwanso, na Amurka mai kusurwa huɗu tsawonsa kimanin santimita 20, na Sobiyet kuwa mai zagaye, faɗinsa milimita 26 ko 50, a jera su cikin akwati a jikin jirgi, lantarki ya tayar da su ɗaya bayan ɗaya. Kowane yana ci na ƴan sakan kaɗan. Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta ƴaƴa. Wannan ƙaryar furen kawai ake buƙata gare ta, na sakan uku ko huɗu, kafin makami ya wuce.

Da makamin ya sauko kafaɗa

Da fari manyan jiragen ɗaukar bam irin su B-52 aka fi damuwa da karewa. Abin da ya mayar da wutar ruɗi tilas ga kowane jirgin soja shi ne ƙanƙancewar makamin har mutum ɗaya ya iya saɓa shi. Amurka ta fito da Redeye, Tarayyar Sobiyet kuma ta fito da Strela-2 a 1968, wanda ƙasashen Yamma ke kira SA-7. Bututu ne mai nauyin kilo 15 ko ƙasa da haka, yana cin nisan kilomita 3 zuwa 4. Sojojin Masar ne suka fara kakkaɓo jirgi da shi, wani A-4 na Isra'ila, a bakin mashigin Suwez a watan Agusta na 1969. A bazarar 1972 ya bayyana a Biyetnam, ya yi wa jirage masu saukar ungulu da ƙananan jiragen leƙen asiri na Amurka ɓarna. Kafin a ƙera musu akwatunan watsa wuta, sojan da ke zaune a ƙofar jirgi ne ke zuba ido, in ya hango hayaƙin makami ya harba masa wutar alama da ƴar bindigar hannu. Aka kuma lanƙwasa bututun hayaƙin jiragen ya dubi sama, don farfela ta watsa zafin. Isra'ila kuwa, bayan asarar da ta yi a yaƙin Oktoba na 1973, ta ƙara wa bututun A-4 tsawo, domin in makamin ya fashe ya fashe nesa da injin.

Inda aka fi ganin abin da rashin kariya ke jawowa a fili shi ne Gine Bisau. Shekara goma Fotugal tana yaƙi da ƙungiyar PAIGC, kuma abin da ya riƙe mata ƙasar shi ne sama: jiragen Fiat G.91 ke kai ɗauki ga barikokin da aka kewaye, ƙananan jirage da masu saukar ungulu ke kai abinci da wasiƙu, su kwaso masu rauni. An kashe Amilcar Cabral a Konakiri ranar 20 ga Janairu na 1973, hukumomin Lisbon na zaton ƙungiyar za ta watse. Wata biyu bayan haka Strela ta iso dajin. Ranar 25 ga Maris aka harbo G.91 na farko, ranar 28 aka harbo na biyu, matuƙinsa Laftanar-kanar Almeida Brito, ɗaya daga manyan hafsoshin sama a ƙasar, ya mutu. Jiragen ba su da na'urar watsa wutar ruɗi. Dole matuƙa suka koma tashi can sama inda bam ba ya samun saiti, kwasar masu rauni ta yi wuya, kuma sojan da ya san in an harbe shi ba jirgin da zai zo ɗaukarsa, zuciyarsa takan karaya. A watan Mayu sojojin Fotugal suka bar barikin Guileje, ranar 24 ga Satumba PAIGC ta yi shelar ƴancin kai, ranar 25 ga Afrilu na 1974 kuma hafsoshin da yawancinsu suka ɗanɗana yaƙin Afirka suka kifar da gwamnati a Lisbon. Ba wanda zai ce bututu ɗaya ne ya rushe daular mulkin mallaka, amma jiragen da aka rasa ba su da yawa, abin da aka rasa da gaske shi ne sakewa a sararin sama.

Kabul

A Afganistan ne wutar ruɗi ta zama abin gani na yau da kullum. Ranar 25 ga Satumba na 1986, kusa da filin jirgin Jalalabad, wasu mujahidai ƙarƙashin wani da ake kira Injiniya Gaffar suka harba Stinger na farko da hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta kawo ta hanyar Pakistan, suka kakkaɓo jirage masu saukar ungulu uku. Stinger ya fi Strela nesa ba kusa ba. Ana sanyaya idonsa da iskar argon kafin harbi, shi ya sa yake ganin zafin da bai kai na bututu ba, har yana iya tarar jirgi ta gaba ko ta gefe.

Sojojin Sobiyet sun mayar da martani da duk abin da ke hannunsu. Sun rufe bakin hayaƙin jiragen Mi-8 da Mi-24 da akwatunan da ke gauraya shi da iska mai sanyi, sun ɗora musu wata fitila mai ƙyaftawa da ke rikita idon makami, sun ƙara akwatunan wuta har jirgin Su-25 ya riƙa ɗaukar kwanso 256. Manyan jiragen dakon kaya, An-12 da Il-76, ba sa gangarowa Kabul a miƙe. Sukan zo can ƙololuwa har saman filin, sannan su sauko suna kewayawa kamar shaho, suna zubar da wuta a kai a kai tun daga sama har ƙasa, masu saukar ungulu na rakiya su ma suna zubar da tasu. Dalilin wannan almubazzaranci shi ne lokaci. Daga harbi zuwa isowar makami bai fi ƴan sakan ba, kuma matuƙi ba ya ganin abin da ke bayansa, saboda haka gara a yi ta watsawa tun ba a harbo ba, don mai harbin ma ya kasa samun saiti.

Masana tarihi sun yi saɓani a kan nauyin Stinger a wannan yaƙi. Wani rahoton sojan Amurka na 1989 ya ce cikin harbi 340 an sami jirgi 269, adadin da ya dogara ga bakin mujahidan da kansu. Alan Kuperman, a wani nazari da ya buga a 1999, ya nuna cewa asarar ta ragu bayan da matuƙa suka sauya salo, kuma Mikhail Gorbachev ya riga ya ƙudurta ficewa tun kafin makamin ya iso. A watan Fabrairu na 1986 ne ya kwatanta Afganistan da miki mai zubar da jini. Hujjar Kuperman ta fi ƙarfi ta fuskar siyasa. Amma ta fuskar fagen fama, jirgin da aka tilasta wa tashi sama da mita dubbai, ko tafiya da dare kawai, an rage masa amfani ko da ba a taɓa shi ba. Sojan Sobiyet na ƙarshe ya ƙetare kogin Amu Darya ranar 15 ga Fabrairu na 1989, CIA kuma ta shafe shekaru tana bin mujahidai da kuɗi don ta sayi ragowar makaman da ta raba musu kyauta.

Makami ya koyi shakka

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Injiniyoyin makamai sun zauna sun lissafa ta ina wutar ruɗi ta bambanta da jirgi, suka sami hanya uku. Haskenta yana tashi farat ɗaya, na inji kuwa ba ya yin haka. Da ta fita iska ke birkice ta, ta ja baya ta faɗi, alhali jirgi na ci gaba. Na uku shi ne ƙa'idar maƙeri: wutar ta cika zafi. Abu mai digiri 2000 yawancin haskensa yana wajen mikron 1 zuwa 2, hayaƙin inji kuwa, saboda iskar kabon da ke cikinsa, ya fi haske a wajen mikron 4,3. Makamin da ke da ido biyu, kowane na duban zango dabam, zai gwada su ya gane wanne ne farin ƙarfe wanne ne baƙi mai huci. Igla na Sobiyet, wanda ya fito a 1983, da wannan dabara ya zo. Sabon Stinger na ƙarshen shekarun 1980 ya ƙara da duban hasken da ke bayan shuɗi, inda jikin jirgi ke bayyana kamar inuwa a fuskar sama, abin da ƴar dunƙulen wuta ba ta iya yi.

Masu ƙera wuta su ma ba su zauna ba. Suka fito da mai ƴar roka a gindi, wadda ke bin jirgi na ɗan lokaci maimakon ta faɗi. Suka sauya haɗin don ya rage kunkunniya ya yawaita iskar kabon, launinsa ya yi kama da na hayaƙin inji. Wata irin kuma ba ta da harshen wuta sam: siraran faya-fayan ƙarfe ne da aka sarrafa yadda da sun sha iska sai su yi tsatsa nan take, tsatsar ta ɗumama su, su bazu kamar gajimare mai huci wanda ido ba ya gani da rana. Tunda matuƙi bai san wane irin makami ke tafe ba, kwamfutar jirgi takan saki iri biyu ko uku a jere, bisa tsari da tazarar da kowace runduna ke ɓoyewa fiye da yadda take ɓoye haɗin kansa.

Akwai wani labari da John Manclark ya bayar, wanda ya shugabanci wata rundunar asiri ta Amurka da ke gwada jiragen Sobiyet a hamadar Nebada. A 1987 aka kawo musu akwatin wuta da aka ciro daga wani Su-25 da ya faɗi a Afganistan. Suna da sabon Sidewinder da aka tsara don ya ƙi ruɗuwa, kuma a gwaji ya ƙi kula wutar Amurka. Da aka jefa masa ta Sobiyet sai ya bi ta a guje. An koya masa ƙaryar gida ce kawai, mai tsabta, wadda kowace ke ci daidai da ƴar'uwarta. Ta Sobiyet kuwa ƙirarta ba ta da daidaito, kowace da yadda take kamawa. Shekara talatin bayan haka, ranar 18 ga Yuni na 2017, wani F/A-18 na Amurka ya harba AIM-9X, jikan Sidewinder mai ido irin na kyamara wanda ke ganin siffar jirgi sosai, a kan wani tsohon Su-22 na Siriya. Makamin ya kuskure, sai da matuƙin ya sake harba wani mai bin rada sannan jirgin ya faɗi. Rahotanni da yawa sun danganta kuskuren ga wutar da Su-22 ɗin ya watsa.

Duk da wannan tsere, makami mai bin zafi bai daina kisa ba. A yaƙin Tekun Fasha, ranar 31 ga Janairu na 1991, wani AC-130 na Amurka da ya daɗe a saman Khafji har gari ya waye ya faɗi da mutum 14. A Ceceniya, ranar 19 ga Agusta na 2002, Igla ɗaya ya kayar da wani ƙaton Mi-26 na Rasha da aka cika maƙil, mutum 127 suka mutu.

Waɗanda ba su da burtu

Jirgin fasinja ba shi da ko ɗaya daga waɗannan kariya, kuma Afirka ta biya kaso mai yawa na wannan rashi. A Rodeshiya, wadda ta zama Zimbabuwe, mayaƙan ZIPRA sun harbo jiragen Viscount biyu da suka taso daga Kariba, ɗaya ranar 3 ga Satumba na 1978, ɗaya ranar 12 ga Fabrairu na 1979; a na biyun duk mutum 59 da ke ciki sun mutu. Waɗanda suka ga farin ɗango na 1988 a Sahel ba lalle su san cewa yaƙin da aka yi da ita ya ci rayukan matuƙa ta wannan hanya ba: ranar 8 ga Disamba na shekarar, jiragen feshi biyu samfurin DC-7 da hukumar agaji ta Amurka ta ɗauka haya suna kan hanya daga Senegal zuwa Maroko, mayaƙan Polisario suka ɗauke su jiragen sojan Maroko suka harbe su, ɗaya ya faɗi da mutum 5. Ranar 6 ga Afrilu na 1994 makami ya sami jirgin Falcon 50 da ke sauka a Kigali ɗauke da shugaban Ruwanda Juvénal Habyarimana da na Burundi Cyprien Ntaryamira. Har yanzu ana jayayya a kan wanda ya harba, kisan ƙare-dangi kuwa a daren ya soma.

Bayan da Strela biyu suka kuskure wani Boeing 757 na kamfanin Arkia a Mombasa ranar 28 ga Nuwamba na 2002, Isra'ila ta ɗora wa wasu jiragen fasinjanta na'urar da ke hango makami ta watsa wuta da kanta. Nan take wata matsala ta taso: wasu ƙasashen Turai, ciki har da Suwizalan, suka nuna ba su yarda irin wannan jirgi ya sauka a filayensu ba, don gudun gobara. Tsoron nasu yana da tushe. Na'urar hango makami takan yi ƙararrawar ƙarya, kuma dunƙulen da aka saki kusa da ƙasa yakan iso yana ci. A watan Mayu na 2007 wuta ɗaya da wani F-16 ya saki a filin atisaye a jihar New Jersey ta cinye daji kusan hekta 7000, ta kori dubban mutane daga gidajensu. Haɗin ma tun a masana'anta haɗari ne, ɗan tartsatsin lantarki ya isa ya tayar da shi; a watan Agusta na 2018 fashewa a wata masana'anta kusa da Salisbury a Ingila ta kashe ma'aikaci. Ba abin mamaki ba ne da ya kasance wasu daga masu wannan sana'a jikokin masu wasan wuta ne: kamfanin Lacroix na Faransa, wanda ke ƙera wa jiragen sojan ƙasar wutar ruɗi, ya soma ne a Tuluz a 1848 da wutar bukukuwa. Saboda waɗannan dalilai manyan jirage suka koma ga hasken leza, wanda wata ƴar na'ura mai juyawa ke haska wa makami a ido har ya ɓata hanya. Ba ya ƙarewa, ba ya tada gobara, amma tsadarsa ta sa sai ƙasashe masu hali da jiragen shugabanni.

Hamada bayan 2011

Tun a yaƙin Cadi da Libiya irin waɗannan makamai suka shigo maƙwabtan Nijar: Amurka ta ba gwamnatin Hissène Habré Redeye a 1983, ta ƙara masa da Stinger a 1987. Amma babbar fargaba ta zo ne da faɗuwar Mu'ammar Gaddafi. Jami'an Amurka sun ƙiyasta cewa Libiya ta sayi kusan 20.000 cikin shekara arba'in, yawancinsu Strela, kuma zuwa ƙarshen 2011 kimanin 5000 ne aka iya tattarawa. Ranar 31 ga Oktoba na shekarar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2017 musamman a kan bazuwarsu. A 2013 ƴan jarida suka tsinci takardun koyar da harba SA-7 a wani gida da masu ɗauke da makamai suka bari a Tumbuktu. Ranar 25 ga Janairu na 2014 aka harbo wani jirgi mai saukar ungulu na sojan Masar a Sinai da makamin kafaɗa, sojoji 5 suka mutu. A watan Oktoba na wannan shekara sojojin Faransa na rundunar Barkhane suka tare wani ayarin motoci a arewacin Nijar da ya fito daga Libiya ya nufi Mali, rahotannin lokacin suka ce cikin tan uku na makaman da aka samu har da SA-7.

A Sahel dai ɓarnar da aka ji tsoro ba ta kai yadda aka zata ba. Matuƙin Faransa na farko da ya mutu a Mali, Laftanar Damien Boiteux, ranar 11 ga Janairu na 2013, harsashin bindiga ne ya same shi cikin jirginsa na Gazelle, kuma ba wutar ruɗin da ke kare harsashi. Ɗaya daga dalilan da masana suka bayar shi ne batir. Strela ba ya tashi sai da wani batir na musamman wanda ake kunnawa sau ɗaya, ya yi aiki na ƙasa da minti guda ya mutu, kuma yawancin na Libiya an ƙera su tun shekarun 1970 da 1980, sun kwana shekaru cikin zafin rumbunan hamada. Sai dai a Siriya, tun daga 2014, an ga mayaƙa suna haɗa wa tsofaffin bututun nan batir na gida wanda ake iya sake cajinsa.